Tsohon Layin Tela

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama, wannan ba ta dariya ba ce.

An yi wani tela mai keke ɗaya a wani ɗan shago bakin titi. Gidansa mutum huɗu ne: shi, da tsohuwarsa Inna, da 'yarsa tilo mai karatun jinya, da matarsa da yake tsokana da Akanta, don tana da wata manhaja a waya da ko ashana ta saya sai ta shigar.

"Sauke irin tawa mana," in ji ta, "ka san inda kuɗinka ke zurarewa."

"Taki ƙirga kuɗi take yi. Ni mai bayarwa nake nema."

Ya kuwa samu. Manhajar rance, minti biyar kuɗi sun shigo. Bai duba ruwan da ke kai ba, ya danna "na yarda". Ya ci na biyu ya biya na farko, ya ci na uku ya toshe na biyu. Da ya kasa, sai masu manhajar suka tura hotonsa ga duk lambar da ke wayarsa, wai ga macuci. Har masu kawo ɗinki suka zo suka kwashe yadinsu.

Kunya ce ta kai shi wurin boka, a wani ɗaki bayan rumbun tsoffin ƙarafa. Rana tsaka, amma ciki duhu. An rataye matattun wayoyi da jan zare tun daga rufi, babu batir, amma ɗaya na haske. A tsakiya ga tukunya cike da baƙin ruwa mai ƙarni.

"Nawa ne aikin?" in ji Tela.

"Ba na karɓar kuɗi. Lambar wanda zai tsaya maka nake so, kamar yadda waɗancan suka nema."

"Me za a yi wa mai lambar?"

"Kiransa za a yi."

"Sai kuma me?"

Boka ya yi murmushi. "Sharuɗɗan waɗancan ka karanta kafin ka yarda?"

Sai wayo ya zo wa Tela. Akwai tsohon layinsa da ya jefa a durowar keke shekara biyu, ba mai amfani da shi. Su kira iska. Ya faɗi lambar, boka ya tsoma masa babban yatsa a tukunya, ya dangwala a fuskar wayar mai haske.

Kafin ya isa gida alat na banki ya shigo. Ya biya kowa. Cikin wata biyu keke ya zama shida, aka yi wa Inna sabuwar katifa.

"Manhajata na tambayar daga ina kuɗin nan," in ji Akanta. "Me zan rubuta?"

"Rubuta rabo."

Ba ta rubuta ba. Ta bar gurbin fayau.

Wata rana da hantsi, Akanta na shanya, ta ji waya na ƙara a ɗakin Inna. Ta ji tsohuwa ta ce, "Na'am. E, ni ce uwarsa." Daga nan shiru. Da ta leƙa, Inna na zaune, waya a kunne, rai ya yi halinsa.

Bayan an dawo daga binnewa Tela ya ga 'yar wayar a kan katifa.

"Yaushe Inna ta yi waya?"

"Ni na saya mata," in ji Akanta, "saboda ciwon ƙafa, ta riƙa kiranmu ba sai ta taso ba. Na ga sim a durowar kekenka yana zaman banza, na ce me zai sa a sayi sabo."

Wayyo, tattalinta ne, ba laifinta ba. Tela ya karya sim ɗin da haƙori, ya ruga wurin boka.

"Na karya shi. A tsaya haka, ka karɓe kome."

"Lambobi nawa ta ajiye a ciki?"

Tela ya tuna. Uku ne: tasa, ta matarsa, ta jikarta.

"To ni a fara da ni."

"Wanda ya ci ba a kiransa," in ji boka. "Nasa ake kira. Ai ka san tsarin."

Tela ya buga wa 'yarsa don ya ce ta kashe waya. Aka ce masa tana kan wani kiran. A bakin aji aka tsince ta, da farar rigarta.

Da wayar Akanta ta yi ƙara, gargaɗin da Tela ya yi mata bai hana ta ɗauka ba, don sunan 'yarta ne ya fito. Ba ta mutu ba. Abin da ta ji dai ya tafi da hankalinta.

Ku ji ni da kyau: kuɗin da ya zo bai tambayi guminka ba, wani abu naka ya riga ya gani. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ba mai kwaɗayin kaɗai yake buɗe wa ba.

Inna da jikarta suna kwance kusa da juna a maƙabarta. Akanta tana gidan yayanta, tana danna wayar da ta daɗe da mutuwa, tana tambayar kowa me za ta rubuta a gurbin. Boka ya tashi, an mai da ɗakin wurin ajiye taya. Kekuna shida an sayar. Tela yana nan zaune ƙofar shagon da ba nasa ba yanzu, wayarsa cike da caji, har yau ba wanda ya kira shi.