Buhu Biyu a Getso

Da hantsi rahoton ya iso ofishin 'yan sanda na Gwarzo: wata matar aure a Getso, Badi'a, ta rasu bayan ta ci wake, kuma jama'a sun kewaye gidan mijinta. Motar ofis ta yi wata biyu ba mai, don haka Sufeto Ja'afaru ya hau babur ɗinsa.

A zaure ya tarar da mijin, Taufiq, wanda ya karanci aikin gona a jami'a, ya kuma shekara biyar ba aiki. A waje ana ta cewa waken bokonsa ne ya kashe ta, a miƙa shi gaban alƙali.

Bayan ya yi masa ta'aziyya, Sufeto ya ce, "Mene ne waken boko?"

"Wani iri ne nake gwadawa, ranka ya daɗe. A ƙwayarsa akwai sinadarin da ke hana tsutsar ƙwaro narkar da abin da ta ci. Ga cikinta cike, amma yunwa ce ajalinta."

"Mutum fa?"

"Dafuwa tana kashe sinadarin. Kuma ba shi ta dafa ba."

Ya kai Sufeto ɗakin ajiya. Buhu biyu ne, kowanne da takarda mai rubutun boko. Ɗaya irin gwajin ne. Ɗayan waken gida, wanda ya bar wa ƙwari da gangan domin malaman gona da za su zo ranar Asabar su ga bambanci.

"Daga na gidan ta ɗiba jiya ina gona, na bar mata makullina," in ji Taufiq. "Ni na ce mata ba magani a ciki. Da bakina na faɗa mata."

Sufeto ya zura hannu cikin buhun, ya ɗebo. Ƙwari ne birjik, duk matattu, ga wani wari mai hawa kai.

"Wanda ka bar wa ƙwari su ci, me ya kashe ƙwarinsa?"

Taufiq ya zuba wa tafin hannun Sufeto ido.

"Wa ke da makulli?"

"Ni. Sai Baba."

Mahaifin nasa, Malam Haladu, na zaune a gindin darbejiya da carbi, dattijo ne da noma ya tanƙwara wa baya.

"Ban taɓa taka ɗakin nan ba," ya ce, bai ɗago ba. "Ina ni ina harkar boko?"

Masu sayar da maganin ƙwari a Getso duk sun ce ba su ga dattijon ba. Sufeto ya yi tunanin cewa mai ɓoye wa ɗansa abu ba zai saya a garinsu ba, sai ya nufi Kabo. A rumfa ta uku ya sami Jibirin, mai ɗura fiya-fiya a ƙananan kwalabe.

"Ni sabulu nake sayarwa, yallaɓai."

"Sabulun ne ke sa ka hawaye? Matar mutum ta mutu, Jibirin."

Jibirin ya rage murya. "Wani tsoho ne daga Getso, mai tanƙwararren baya. Na buhu biyu ya ce in ba shi."

Da la'asar Sufeto ya koma, an riga an kai Badi'a makwancinta. Ya ajiye kwalba ɗaya a kan tabarmar dattijon, a gaban ɗansa. Shekara ashirin yana aikin nan, bai taɓa fatan hasashensa ya zama kuskure kamar yau ba.

Malam Haladu ya daɗe yana duban kwalbar.

"Kullum na wuce majalisa sai a ce, ina likitan wake, ya samu aiki kuwa? Ranar Talata na leƙa, na ga ƙwari na yawo a buhu. Na ce in baƙin nan suka gani, yaron nan ya gama yawo. Takardun kuwa ban iya karantawa ba. Ban san wanne ne naka ba, sai na zuba wa duka biyun."

"Baba," in ji Taufiq a hankali, "so nake su ci wancan."

"Ban sani ba. Kunyar tambayarka na ji." Muryar tsohon ta karye. "Ita ce fa take kawo mini kunu kowace safiya."

Sufeto bai fito da ankwa ba. "Mu je, Baba. Sauran bayani a ofis."

Dattijon ya yunƙura, ya kasa tashi. Taufiq ne ya kama hannunsa ya miƙar da shi, ya jawo takalmansa ya ajiye a gabansa, ya riƙe shi har ya zauna daidai a bayan babur. Duk tsawon wannan lokaci bai dubi fuskarsa ba.