Kallo Ta Bayan Majigi

Ta bayan farin ƙyallen majigi Peishan take kallo ranar da Weilun ya fara yi mata magana. Mahaifiyarta ba ta daɗe da rasuwa ba, mai makoki kuwa ba ya taka harabar gidan bauta, don haka ta tsaya a bakin titi tana ganin komai a juye. Wani masunci ne ya biya a haska wa abin bautar fim, godiyar dawowa lafiya daga teku. Kujerun gaba babu kowa.

"Ke kaɗai ce 'yar kallona yau," in ji Weilun mai majigin, yana miƙa mata kujerar roba. "Kuma kin zaɓi ƙeya."

"Fim ɗin Mama ne. Ko a juye na san shi."

Tsohon fim ne na barkwanci, marar launi. Wani mai sayar da awara ya ɗinka kwat ya adana sai babbar rana ta zo. Biki ya wuce ya ce bai kai ba, wani ya zo ya ce da saura. Ranar da ya buɗe akwati asu ya gama da ita, sai ya zura ta a haka ya shiga kasuwa yana tiƙar rawa, yana rabon awara kyauta. Masu ji da boko suna cewa shirme ne, amma ba a taɓa ganin wanda ya kalle shi ya tashi da baƙin rai ba.

Peishan ta yi dariya, karon farko tun jana'iza, sai kuka ya biyo baya. Weilun bai ce ta yi shiru ba, ya dai tsaya kusa.

Daga nan duk ƙauyen da aiki ya kai shi sai saƙo ya shigo wayarta.

"'Yar kallona, yau karnuka biyu ne da wata tsohuwa mai gyangyaɗi. Kujerarki tana baya."

"Sarkin majigina, ka ci abinci tukuna. Ina kewarka."

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, tsoho Liao, ya ɗaure fuska tamau.

"Turaren uwarki bai gama ci ba, kina dariya a titi? Kuma da mai sana'ar da ta mutu?"

A al'adarsu, gidan da aka yi rashi, ko a yi aure cikin kwana ɗari, ko a jira shekara uku. Tsohon ya zaɓi shekara uku, da fatan yaron zai gaji. Abin ya yi wa Peishan ciwo ƙwarai, don tana son mahaifinta, tana kuma son Weilun.

Ana cikin haka Weilun ya hango ɗan mai kemis, wanda goggon Peishan ke ta yi wa kamfen a wurinta, yana shiga gidansu da babban kwali. Ya ɗauka wainar baiko ce.

"Ina taya ki murna," ya rubuto.

"Sakaraina. Dunƙulen shinkafar bikin shekara ne. Masu makoki ba sa naɗewa da hannunsu, maƙwabta ke kawowa. A garinku ba a mutuwa ne?"

"Yafe min, tsoro ne ya rufe min ido."

Wa'adin kwana ɗari ya kusa cika lokacin da aka sake haska fim ɗin a unguwarsu. Da faɗuwar rana Peishan ta sulale, tsoho Liao ya bi sawunta zai komo da ita gida. Ya iso daidai inda mai awara ke ɗaga kwat, haske na ɓullowa ta hujoji. Ta ji numfashinsa a bayanta. Bai kama hannunta ba. Ya tsaya har aka gama rawar.

"Na taɓa saya wa uwarki jar riga," ya ce a hankali. "Ta ce sai ranar bikinki. Mun ƙona mata ita da sauran kayanta don su bi ta lahira, ko sau ɗaya ba ta sa ba."

"Baba..."

"Kira min yaron nan."

Weilun ya bar injin yana juyi ya zo ya rusuna. "Kawu."

"Sana'arka ba ta ciyar da gida."

"Da rana ina gyaran lantarki, Kawu. Ba za ta kwana da yunwa ba."

"To ka turo manyanka, kada su yi nawa."

An yi bikin a natse, babu kiɗa babu wasan wuta, kamar yadda ake yi wa auren cikin makoki. An bar kujera ɗaya fayau kusa da ta tsoho Liao. Amarya da ango suka durƙusa suka miƙa masa shayi, sannan Peishan ta ajiye kofi na biyu a gaban kujerar.

Tsohon ya dafa kawunansu. "Ku zauna lafiya, ku tsufa tare. Ku riƙa dariya a gidanku."

Sannan ya juya ga kujerar, ya matsar da kofin kusa.

"Sha kafin ya huce, tsohuwata. 'Yarki ta yi aure."