Surukin Mai Huda Tikiti

A tashar jirgin Kafanchan, shekarar da ma'aikata suka samu ƙarin albashin Udoji, kwalin Wilfred ya yage, katunan ɗalibansa da ya kawo dubawa a hutu suka watse. Malamin kwamfuta ne a jami'a a Zariya, zamanin da sai an huda kati ake yi wa na'ura magana. Ya durƙusa yana tsinta, ga kwat ga gumi.

"Malam, ɓera ne ya ci maka takardu haka?" in ji wata budurwa da ta kawo wa babanta abinci. Ta ajiye kwano ta taya shi.

Scholastica ke nan. Kafin hutu ya ƙare tana kiransa Malam Huji, shi kuma sai "Skola tawa".

Babanta, Baba Zamani, mai duba tikiti da huda shi ne a jirgi, kuma dattijon ikkilisiya. Martins mai sabuwar Vespa, wanda ya daɗe yana zagaya gidan don neman Skola, ya raɗa masa cewa yaron nan kati yake yawo da shi, kwali guda.

"Ɗan caca ko ruwa ba zai sha a gidana ba," in ji Baba, "balle ya auri 'yata."

Wilfred ya yi bayani da Hausa, da Turanci, har da yaren gida. A banza.

"Wai kai malami," in ji Skola. "Baba ba ya yarda da abu sai ya taɓa. Kai shi ya gani mana."

Suka tafi Zariya su uku. Baba ya zauna bayan aji, hula a gwiwa, fuska a murtuke. Sai na'urar huda kati ta soma: ƙas, ƙas, ƙas. Ya miƙe, ya ɗaga kati ɗaya ga haske, ya shafa hujin da yatsa.

"Yarona! Ashe aikinmu ɗaya! Dubi hannu, ko gefe bai yage ba!"

Wilfred ya buɗe baki zai gyara masa. Skola ta take masa ƙafa.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure. Matan zumunta suka cika coci da waƙa, direban jirgin Jos ya yi ta busa musu odar murna.

"Ubangiji ya sa ku tsufa tare," in ji Baba, yana share ido.

Suka tsufa kuwa. Wilfred ya zama farfesa, ɗalibansa sun cika ƙasa. Amma har Baba ya rasu, in an tambaye shi aikin surukinsa, cewa yake: "Tikiti yake hudawa a jami'a. Jirgin ne dai ba a kawo musu ba tukuna."