Hawa Biyar a Allon Puang Mappa

Rannu ba ta taɓa ganin mahaifinta ya zubar da abinci ba sai ranar. Farantin barongko, alalar ayabar da ta dafa masa da hannunta, ya share shi da bayan hannu, ya watse a kan katakon falo.

"Maimaita," in ji mahaifin nata, Puang Mappa, yana nuna mijinta Asdar da yatsa. "Maimaita a gaban 'yata."

Asdar ya sunkuyar da kai. Shi ke zana duk gidajen katakon da kamfanin surukin nasa ke ginawa a garin Sengkang, amma har yau in zai zauna a falon nan a bakin tabarma yake zama.

"Puang, sunanka na nan, ba mai taɓa shi. Logo ɗin allon, hoton nan, kawai nake cewa a canza, saboda..."

"Logo! Kakannina ne logo?"

Allon da ake rigima a kansa yana ƙofar kamfani, ɗauke da hoton goshin rufin gida da aka jera wa katako hawa biyar, wani bisa wani. A wajenmu ko yaro ya san karatun wannan: hawa biyar na masu jinin sarauta ne, waɗanda ake kira Puang, talaka kuwa ɗaya ko biyu ya ishe shi. Puang Mappa da kansa ya zana shi tun yana da baƙin gashi, kuma ya fi goge shi a kan yadda yake goge takalminsa.

"Masu sarautar sun koma birnin Makassar, Puang, siminti suke so," Asdar ya ce a hankali. "Masu gini yanzu su ne waɗanda suka dawo daga gonakin kwakwar manja, da masu kifi, da masaƙa. Ina ganinsu ta taga. Su zo ƙofa, su ɗaga kai su kalli allon, su wuce. Kafintocinmu sun gaji da zaman banza."

"Na ba ɗan mai tallan kifi 'yata, dangi suka yi ta zagina na toshe kunne. Sakayyar ke nan? Ka shigo gidana ka rage min hawa, mu yi kai ɗaya da kai?" Ya juya wajen Rannu. "Ke, ba inda za ki. Ko ya zo ya rantse ya bar maganar nan har abada, ko a warware auren."

Asdar ya tashi ya fita. Rannu ta bi shi har matakala tana kiransa Daeng, yadda matan wajenmu ke kiran mazansu.

"Daeng, ka yi magana mana! An zagi mahaifiyarka kana tsaye kamar turmi?"

"Ba zan ɗaga murya a gidan ubanki ba. Kuma ba zan rantse a kan ƙarya ba. Ki zauna, ki yi masa biyayya."

"Biyayya? To je ka, kai da haƙurinka ku dafa wa juna abinci."

Ta faɗa, ta koma ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura, don son mijinta take yi kamar ranta.

Damina ta shiga. Gwaggonnin Rannu, waɗanda ba sa zuwa sai in akwai abin da zai lalace, suka mai da gidan wurin shan kofi. Wannan ta ce dama ita ta faɗa, waccan ta ce akwai wani ɗan dangi a garin Bone da bai yi aure ba. Rannu ta daina gaishe su. Mahaifin nata ma sai ta dire masa abinci ta juya.

"Ambo, kai ne ubana, amma in aurena ya mutu saboda fentin allo, wallahi ba zan yafe ba."

"Ki riƙe yafiyarki, ba na nema."

Shi kuwa Asdar kullum yana wajen aiki. Bai taɓa allon ba, bai kuma zo ya rantse ba. Sai ya aiko wa matarsa da busasshen kifin tafki ba tare da ko kalma ɗaya ba, abin da ya ƙara ƙular da ita.

Ana haka sai labari ya iso cewa Indo Sakka, mahaifiyar Asdar, za ta tayar da sabon gida a bakin tafki, kuma wani magini daga garin Soppeng ta ɗauko. Puang Mappa ya miƙe har kujerar ta faɗi.

"Surukata? Ta tsallake ni ta ɗauko baƙo, gari ya yi min dariya? Aikin ɗanta ne. Rannu, sako mayafinki ki zo ki ga irin mutanen da kike yi wa kuka."

Sun tarar da filin cike da maza, ginshiƙai a kwance, igiyoyi a ɗaure. An rataya ayaba da kwakwa a jikin posi bola, ginshiƙin tsakiya da ake fara tayarwa. Puang Mappa ya ratsa taron ko sallama babu.

"Sakka, me na yi miki da za ki tozarta ni? Ɗanki ne ya hana ki zuwa wurina?"

Tsohuwar ta goge hannunta a zani. "Asdar roƙona ya yi ta yi in zo, Puang. Har fushi ya yi da ni. Kuma na zo. Na zo ƙofarka ya fi a ƙirga, da waina a hannuna."

"Ƙarya ne, ban taɓa ganinki ba."

"Ban taɓa shiga ba. In na ɗaga kai na ga allon nan, sai in ji ƙarnin kifi a jikina. Gidana hawa ɗaya ne. Da wane baki zan ce wa mai hawa biyar ya gina min hawa ɗaya?"

Wani dattijo daga cikin masu riƙe da igiya ya ce, "Ni ma haka, Puang. Mun ɗauka ba irinmu kake yi wa aiki ba."

Puang Mappa ya dubi taron. Rabin mutanen da ke filin sun yi sabon gida a 'yan shekarun nan, kuma babu ɗaya da ya fito daga hannunsa. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a iya huce ta a kan kowa.

"To me kuke jira?" ya tambaya. "Rana ta ɗaga, ku tayar mana."

"Ba a tayar da ginshiƙin tsakiya sai mata da miji sun zauna a gindinsa," in ji Indo Sakka. "Mijina ya rasu. Ɗana ga shi can. Matarsa kuwa tana hannunka."

Asdar na durƙushe shi kaɗai a gefen ginshiƙin, an bar wuri a kusa da shi. Bai ɗago ba.

Rannu ta dubi mahaifinta, ba ta roƙe shi ba. Ya kau da kai ya ce, "Je ki wurin mijinki."

Ta je ta zauna, hawaye na zuba, ta ce ƙasa-ƙasa, "Har yanzu ina jin haushinka, Daeng."

"Na sani. Matso dai."

"Asdar," Puang Mappa ya kira, kowa na ji. "Hawa biyar ɗina su tsaya a rufin gidana. Allon ka zana abin da zai sa mutum ya shigo."

Haƙurin Asdar ya mayar masa da matarsa, ba tare da ya zagi babba ko ya janye gaskiya ba. Alamar sana'a kuwa, ranar da ta fara korar waɗanda aka kafa ta don ta kira, ranar ya kamata a sauke ta, ko wane ne ya zana.

Puang Mappa ya tattare zaninsa, irin wanda mazan wajenmu ke ɗaurawa, ya kama igiya tsakanin masunta biyu, a gidan da wani ya karɓi aikinsa.