Abin da Farfela Ta Faɗa

A babbar rumfar ajiye jirage Injiniya ya fara ganinta, tana tsaye gaban abin da ya rage na jirgin yayanta.

An jera tarkacen a ƙasa, kowane guntu da lambarsa a farar takarda. Ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya, irin wanda ake kai magani asibitocin karkara da shi. Yayanta ne ke tuƙa shi, shi kaɗai, ranar da ya faɗi, kwana goma sha tara da suka wuce.

Shi kuwa Injiniya aikinsa ke nan: in jirgi ya faɗi, shi ake turawa ya gano dalili. Ya saba da masu kuka, ya saba da masu zagi. Wannan ba ta yi ko ɗaya ba. Ido kawai ta zuba, kamar mai jiran mota a bakin titi.

"Ke ce ƙanwarsa?"

"Ni ce auta. An ce in zo in karɓi kayansa."

Ya miƙa mata ambulan. Agogo ne a ciki, da makullan gida, da tabarau mai ido ɗaya a fashe.

"Allah ya jiƙansa. Wayarsa za ta ɗan jima a wurinmu."

"To."

Ta nuna wani ƙarfe da ya murɗe. "Wannan fa?"

"Farfela ce. In inji ya mutu tun a sama, baya kawai take lanƙwashewa. In kuwa yana aiki da ƙarfinsa ya bugi ƙasa, sai ta murɗe haka."

"Ashe injin lafiyarsa lau."

"Ban gama bincike ba tukuna."

Ta gyaɗa kai ta tafi. Injiniya ya bi ta da kallo har ta fice, ya daɗe riƙe da biro bai rubuta komai ba. Wani abu ya sauka a zuciyarsa ranar, ya kuma san ba shi da damar taɓa shi sai ya rufe fayil ɗin.

Wata biyar ya ɗauka. Rahoton ya ce injin ba shi da laifi, mai ma bai ƙare ba. Matuƙin ya tashi hadari yana haɗuwa, ya shiga cikin gajimare alhali ba a horar da shi tuƙi da na'ura kaɗai ba, sai sama da ƙasa suka rikice masa. Layi ɗaya ya ƙara: yana sauri ne saboda wani uzuri na iyali.

Ranar da ya miƙa rahoton, ya tura mata saƙo.

"Assalamu alaikum. Injiniya ne. Aikin ya ƙare, yanzu ina da damar tambaya: yaya kike?"

Sai washegari ta amsa. "Ina nan."

Da "ina nan" ɗin aka fara. Auta nas ce a sashen yara, takan tashi aiki ƙarfe biyu. Yakan jira ta a bencin da ke ƙofar asibitin da kofin shayi biyu. Takan sha nata har ƙasa ba ta ce ya yi zafi ko ya huce ba. Shi ke surutu: labarin babarsa, labarin motarsa da ba ta tashi sai an lallashe ta.

"Malam Rahoto," ta ce wata rana, "kai ba ka gajiya?"

"Sunan da aka raɗa min ke nan?"

"Komai sai ka kawo dalilinsa."

"To ga wanda na kasa gano dalilinsa. Ina son ki, Autata."

Ta dubi kofin da ke hannunta. "Ni ba na jin komai fa. Ba wai ba na so ba. Kamar an yi min allurar kashe zafi ne, har yau ba ta sake ni ba."

"Ba na sauri."

"Amma in ƙarfe biyu ta yi, nakan leƙa ta taga in ga ko ka zo."

"Wannan ya ishe ni," in ji shi.

Da ya je gaishe da Abba, mahaifinta, a tsaye aka karɓe shi a falo. Rahoton na kan tebur, an ja wa layuka jan biro. A gefe Kyaftin na zaune, abokin marigayi, matuƙi shi ma, wanda tun rasuwar yake zarya gidan yana kuma neman auren Auta.

"Kai ne ka rubuta ɗana ya yi ganganci?" in ji Abba.

"Ban rubuta ganganci ba, Abba. Na rubuta abin da na gani."

Kyaftin ya yi tsaki. "Na yi shekara shida ina tashi da shi. Tsohon makanikin nan ne ya kashe shi, hannunsa rawa yake. Ku mutanen ofis, wanda ya mutu kuke ɗora wa laifi don ba shi da bakin magana."

Abba ya riga ya kai ƙorafi, an dakatar da lasisin Baba Makaniki har sai an sake dubawa. Dattijo ne da ya shekara talatin yana gyaran jirage, yanzu yana zaune a gida, maƙwabta na nuna shi da baki.

"Ka koma ka gyara takardarka," in ji Abba, "ka ce injin ne. Sannan ka dawo mu yi maganar 'yata."

"Ku gafarce ni, Abba. Ba zan iya ba."

"To ga ƙofa nan."

Bayan fitarsa Kyaftin ya tare Auta a bakin kicin. "Kin san wata biyar wayar yayanki tana hannunsa? Duk abin da ke ciki ya karanta. Mutumin nan shaida yake tarawa, ke kina ganin so ne."

Auta ta juya. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta buɗe saƙon da ta tura wa Yaya ranar, da ƙarfe ɗaya da minti goma, ranar bikin yaye su daga makarantar nas.

"Yaya, ƙarfe huɗu za a fara. Kowa ya zo sai kai. Wallahi in ba ka zo ba, ba ni ba kai."

Ga amsarsa a ƙasa: "Auta rigima. Ga ni nan tafe, ko ruwa ko iska."

Ba wanda ta taɓa nuna wa. Ta rubuta wa Injiniya: "Ka karanta?"

"Na karanta."

"Tun yaushe?"

"Kwana uku bayan na fara ganinki."

"Ashe tausayina kake ji. Kar ka ƙara zuwa."

Sati uku bencin ba kowa. Ta ci gaba da aiki, tana auna zafin jikin yara, tana rubutawa, tana wanke hannu. Ƙarfe biyu na yi takan leƙa, ta ga benci, ta saki labule. Ko haushi ba ta ji ba. Sai ga saƙonsa wata safiya, dogo.

"Autata, ba zan ce miki saƙonki ba ya ciki ba, don ban iya ƙarya ba. Yana ciki. Amma jirgi ba ya faɗuwa da abu ɗaya. Ya duba hasashen yanayi sau biyu. Ma'aikacin filin ya ce masa ya jira awa ɗaya. Ya san bai da horon shiga gajimare. Minti goma bayan tashinsa yana da damar juyowa. Duk ƙanwa tana yi wa yayanta rigima, matuƙi ne ke cewa a'a. Mutumin kirki ne da ya yi kuskure ɗaya don yana son ki. Ban sa sunanki a rahoto ba, don ba ke kika tuƙa ba. Ni kuma ba tausayi ya kai ni bencin nan ba. Jibi za a zauna kan lasisin Baba Makaniki. Zan faɗi abin da farfela ta nuna, ba zan ambace ki ba."

Ta karanta sau huɗu. Da ta koma gida ta tarar da Abba da Umma a falo, Abba na shirya takardun da zai kai zaman. Ta durƙusa a gabansu ta ajiye wayar a kan takardun.

"Abba, ka karanta wannan."

Ya sa tabarau. Ya karanta nata, ya karanta na ɗansa.

"Ni na kira shi," ta ce, muryarta a miƙe kamar mai karanta sunayen magani. "Ba inji ba ne. Ba Baba Makaniki ba ne. Ku ƙyale dattijon nan."

Umma ta rufe baki da mayafi. Abba ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ke kaɗai kika ɗauki wannan? Wata goma?"

"E."

"Ni ma na kira shi," in ji Abba a hankali. "Da rana, kafin ya tashi. Na ce kada ya ba ni kunya a gaban mutane." Ya dubi takardun. "Shi ya sa nake so ya zama injin."

Umma ta jawo Auta jikinta.

Washegari Abba ya janye ƙorafin, ya tuƙa mota da kansa har gidan Baba Makaniki ya nemi gafara a gaban iyalinsa. Kyaftin ya rage zuwa, daga baya ya daina. Da yamma Abba ya ce wa Auta, "Kira min mai taurin kan nan."

Ta rubuta: "Malam Rahoto, Abba na kira. Ni ma."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Motar ta ƙi tashi. Ina tafe a ƙasa."

Bayan wata uku aka ɗaura auren, ba taro mai yawa. Da za su tafi, Abba ya riƙe hannun Injiniya da hannu biyu.

"Na matsa maka ka yi ƙarya ka ƙi, alhali ka san abin da za ka rasa. Irin ka nake so in bar wa 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

"Amin," in ji Umma, tana gyara wa Auta mayafi. "Allah ya sanyaya miki, 'yar nan."

Suna saukowa daga matakala Auta ta tsaya cak, ta ɓata fuska.

"Lafiya, amarya?"

"Takalmin nan matse ni yake. Tun safe. Kuma wa ya zaɓi kalar labulen gidanmu? Wallahi ba ta yi min ba."

Injiniya ya tsaya yana kallonta, idonsa ya ciko.

"Me kuma na ce?"

"Ba komai, Autata. Ci gaba. Me kuma bai yi miki ba?"

Ta cire takalmin ta miƙa masa, ta taka ƙasa da ƙafarta. Simintin da ɗumi, ta ji shi har cikin tafin ƙafa.

"Da yawa," ta ce. "Mu je, zan faɗa maka a hanya."