Gilashin Auta

Rana ta yi ja, tela ta rufe kekenta tana kaɗe zare daga zaninta. A tsakar gida autarta na zaune sanye da gilashin nan da makaranta ta raba, mai zana darasi a iska, malamar ciki ta kira ɗalibi ya amsa. Uwar ba ta taɓa son abin ba. Ita an tashe ta a kan ba a amsa kiran wanda ba a gani, ga 'yarta kullum tana ce wa bango na'am. Amma yarinyar ce kaɗai ta yi karatu a gidan, sai ta haɗiye.

Ran nan tun safe babu wuta, gilashin ya mutu murus. Duk da haka uwar ta ji Auta ta ce na'am, har ta matsa a kan tabarma kamar mai ba baƙo wuri.

Dutse ya faɗo a kan kwano. Wani ya biyo shi. Daga ranar gidan ya ƙi zama: magariba na yi sai jifa, sai wata siririyar murya a bayan randa tana bitar darasi. Auta ta daina ci, idonta a kafe, tana rubutu da yatsa a iska. Maigidan direba ne, yana kan hanya. Tsoro ya hana uwar ko zura zare a allura, ta yafa mayafi ta ɗauko malamin ruƙiyya.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki da muryar da ba tata ba. Muryar ta ce ita ba muguwa ba ce. Ta jima tana leƙen darasin ta bayan kafaɗar yarinya, ranar da gilashi ya yi shiru ta kwaikwayi malama ta kira, aka amsa mata.

"Za ki fita," in ji Malam.

"Zan fita. A bar ni in tafi da abin da muka koya tare."

Malam ya ɗaga hannu zai hana, amma uwa uwa ce, ta riga shi. "Ɗauki! Ki bar min 'yata kawai."

Iska ta kaɗa labule, gidan ya yi tsit. Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa da muryarta ta ainihi. Uwar ta rungume ta tana kuka, daɗi kamar ya kashe ta. Malam dai bai ɗago kai ba.

Uwar ta miƙa wa yarinyar waya, ta ce ta nemo sunan babanta a yi masa albishir. Auta ta daɗe tana kallon rubutun, ta juya wayar sama, ta juya ƙasa.

"Umma," ta ce a hankali, "wanne ne sunan Baba a ciki?"