Kada Idonki Ya Bar Akwatin

"Kowa ya kwanta! Ƙasa, ƙasa na ce!"

Muka zube. Kumatuna a kan simintin zauren baje koli na Ballarat, kofin wani ya kife, ruwan yana gangarowa wajen kunnena. Rana tsaka, ranar Asabar, zaure cike da masu saye da sayar da littattafan zane irina. Mutum biyu ne suka shigo, fuska rufe da hular sanyi, babban yana riƙe da guntuwar bindigar farauta. Ko kallon teburanmu ba su yi ba. Kai tsaye suka nufi teburin Baba Col Pettifer.

Baba Col ya haura tamanin. Shi ya zana Mahayin Jan Rairayi, littafin da duk muka tashi da shi, amma kamfanin da ya buga bai taɓa sa sunansa ko a lungun shafi ba. Haushin wannan ya sa ya ƙi sa wa kowa hannu. Sau ɗaya ya taɓa yarda, tun yana da ƙarfinsa, a kwafi uku. Yanzu ciwon makyarkyata ya cinye masa hannu. Sai ya ce da matarsa, Noelene, kafin hannun ya tafi gaba ɗaya yana so sunansa ya hau aikinsa. Tun safe yake fama da biro, gumi na ɗiga, har ya cika akwati guda. Kowane sa hannu ya fito kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Babu gwanin da zai gwada shi da na da ya ce hannu ɗaya ne.

Shi ya sa Marnie Tsakalos, mai shaida, take tsaye a gefensa. A harkarmu doka ɗaya ce. Mai shaida daga kamfanin tantancewa zai ga biro ya taɓa takarda da idonsa, kuma littafin ba zai bar idonsa ba har ya kai shi ofis a rufe shi cikin roba da tambari. In ya bar ido, ko na ɗan lokaci ne, shi ke nan, ya zama zanen da kowa zai iya yi.

Babban ya fizgi akwatin. Marnie ta riƙe ɗaya hannun akwatin.

"Saki, malama!"

"Ba zan iya ba."

"Ke makauniya ce? Ba ki ga bindiga ba?"

"Na gani." Ta ƙara damƙe akwatin. "Duk inda akwatin nan za shi, ƙafata ƙafarsa."

Ya hankaɗa ta, ta faɗi kan kujeru. Suka kwasa da gudu. Ta miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa, ta bi su! Na ɗaga kai na hango farar mota mai ɗaukar kaya a bakin ƙofa. Kafin su ja ƙofar gefe, Marnie ta yi tsalle ta faɗa ciki. Motar ta yi ƙara ta ɓace.

Sauran labarin a kotu muka ji shi.

Mai bindigar sunansa Rocco Vella, tsohon hannu a fashin gidajen mai. Direbansu Dazza, mutumin kirki in ka cire sana'arsa. Na ukun, siririn, shi ne Kel Duthie, kuma namu ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya taɓa cin kasuwa tare da mu kafin a kore shi kan sa hannun jabu. Shi ya kawo shawarar, suna gasa nama a bayan gidan Rocco a Melton.

"Littafin yara?" in ji Rocco, yana juya tsiran nama. "Ni za ka raina wa wayo?"

"Oga, tsohon ya kusa tafiya. Ranar da ya mutu, akwatin nan ya fi gidan mai goma. Ba mai gadi, ba ƙararrawa. Tsoho ne da mace."

"In ka yaudare ni, Kel, kan wannan wutar zan gasa ka."

Suka yi dariya har da Kel.

A zauren kuma, Sajan Linh Hoang ta iso ta tarar da mu cirko-cirko. Ta durƙusa gaban Baba Col. Yana zaune inda suka bar shi, hannun dama na kaɗawa a kan tebur, Noelene ta danne shi da nata.

"Baba, me ke cikin akwatin?"

"Bar zancen akwati, 'yata. Yarinyar nan za ku dawo mini da ita." Ya nuna ƙofar da ta bi. "Ni na ce mata kada idonta ya bar shi. Wasa nake, wallahi wasa nake."

Sajan ta miƙe tana magana a rediyo. Farar mota, hanyar Melbourne, mace ɗaya a hannunsu.

Cikin motar, Dazza na taka wuta yana ihu.

"Wace ce wannan? Oga, ba mu yi da kai za a ɗauki mutum ba!"

"Ita ta ɗauko kanta! Tuƙa!"

Marnie na durƙushe a bayan mota, ta rungume akwatin, idonta a kansa. Ko bindigar ba ta kalla.

"Mu jefar da ita a hanya," in ji siririn. "Yanzu, Oga. Buɗe ƙofa!"

Ta san muryar. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Kel? Kel Duthie, kai ne?"

Rocco ya waiwayo gare ta.

"Ke kin san shi?" in ji Rocco.

"Kowa ya san shi. Bai gaya maka ba? In ka raba ni da akwatin nan, takarda kawai ka sata. Babu mai saye. Hannun tsohon ya lalace, idona kaɗai ne shaidar cewa nasa ne."

"Ƙarya take!" in ji Kel.

"Rufe mana baki. Ci gaba, malama."

"Tambaye shi wa ke riƙe da kwafi ukun nan na da. Ya bi ya saye su duka. In waɗannan suka sami tambari, nasa sun zama gama-gari. In suka lalace, nasa kaɗai ne a duniya." Hawaye na zuba, ba ta goge ba don kada ta rufe ido. "Ba akwatin yake so ba. So yake ya bar idona."

Rocco ya cire hular fuskarsa a hankali. Ya juya bakin bindiga wajen Kel.

"Wato ni ka mayar ɗan dako, ko? Ni da Dazza mu sha ɗauri, kai ka sha romo?"

"Oga, saurara—"

"Shege ɗan iska!"

Jiniya ta tashi a bayansu. Ɗaya, sannan da yawa. Suna gangaren Bacchus Marsh, Dazza na kallon madubi yana zagi. Kel ya ga babu sauran magana, ya daka tsalle ya cafki bindigar. Suka kama kokawa, suna birgima kan Marnie, ita kuwa ta kife a kan akwatin.

"Ku bari! Ku bari, za ku kashe—"

Daram!

Harsashin ya fasa kujerar gaba. Dazza ya faɗa kan sitiyari. Motar ta kauce, ta daki ƙarfen gefen titi, ta wuntsila cikin ciyawa!

Da Marnie ta buɗe ido, sama ta gani da fuskar Sajan Hoang. Dazza ya mutu nan take. Rocco na kwance da karyayyen baya yana kiran uwarsa. Kel kuwa an kamo shi can cikin gonar tuffa, yana ɗingishi da akwatin a hannu, murfin a buɗe.

"Ga kayanki," in ji Sajan, ta ajiye shi kusa da ita. "Babu abin da ya ɓata."

"Na daɗe a sume?"

"Ba sosai ba." Sajan ta dube ta, ta gane. Ta rage murya. "Ni dai da na iso, idonki biyu na gani, kina hango akwatin. In kin ce haka, haka ne."

Ni da na ji wannan a kotu, na so in miƙe in ce, ki karɓa mana, baiwar Allah! Wa zai sani? Amma mun san Marnie. Da irin masu karɓa ce, da tambarinta bai taɓa zama komai ba, kuma da Baba Col bai neme ta ba. Daga gadon asibiti ta buga wa ofis waya ta ce akwatin ya bar idonta, kuma a hannun mai jabu. Suka ce sun yi baƙin ciki ƙwarai. Doka doka ce.

Rocco ba zai ƙara tafiya da ƙafarsa ba. Dazza ya bar matarsa da ciki. Kel yana kurkuku, amma kwafinsa uku suna hannun ƙanwarsa, halal ɗinsa ne, kotu ba ta taɓa su ba. Yau duk mai neman tabbataccen sa hannun Col Pettifer, ƙofarsu zai buga. Nakan tuna wannan in rasa inda zan sa kaina.

Ni na kai Marnie gidan Baba Col bayan an sallame ta, don hannunta ya karye, yana cikin filasta. Noelene ta dafa shayi, ba wanda ya sha. Akwatin na kan teburin kicin.

"Amma kin ga na sa hannu, ai," in ji Baba Col.

"Na gani, Baba. Duka na gani."

"To?"

Ta girgiza kai.

Ya daɗe yana kallon akwatin. Sannan ya ce, "Noelene, akwai sauran kwafi ɗaya a ɗaki. Ɗauko. Ke kuma Marnie, zauna nan, ki buɗe ido da kyau."

Aka shimfiɗa littafin a gabansa. Noelene ta sa masa biro tsakanin yatsu. Hannun ya ɗaga, ya kaɗa, biron ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Marnie ta sunkuya ta ɗauko ta mayar masa. Biron ya sake faɗuwa.

"Kina kallo?" ya ce, bai dube ta ba.

"Ina kallo, Baba."

Ta sake sunkuyawa.